Burodina Yana Fitowa da Tauri, Maigida Ya Ce In Daina Ɓarnar Fulawa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gusau, 'ya'yana huɗu. Tunda burodi ya yi tsada, kuma wanda muke saya da an matsa shi sai ya koma loma ɗaya, na fara gwada yi a gida. Ba ni da obin, a tukunya nake gasawa a kan gas. Nakan haɗa fulawa da yis da sukari da bota in kwaɓa da ruwan zafi, idan ya manne mini a hannu in ƙara fulawa har ya daina, in rufe rabin awa, in zuba a gwangwani in gasa. Kullum da nauyi da tauri yake fitowa, ƙasan ya ƙone, tsakiyar kuma ɗanye. Da na ga ba ya tashi sai na ninka yis, shi kuma ya fito yana warin tsami. Yara sun daina ci, maigida ya ce in daina ɓarnar fulawa tunda ba ni da hannun yi. Maganar ta sosa mini rai, don burina ranar hutu mu zauna mu karya da abin da na yi da hannuna. Ko dole sai na sayi obin? Kuma me zan haɗa da shi wanda zai ƙosar da gida?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki ajiye kuɗin obin tukuna, domin matsalar tana cikin wasiƙarki, kuma babu ruwanta da hannu. Abu huɗu kika faɗa da bakinki: ruwan zafi, ƙarin fulawa har kwaɓi ya daina mannewa, jiran rabin awa, da ɗorawa a wuta da zarar kin zuba a gwangwani. Kowanne daga cikinsu shi kaɗai ya isa ya hana burodi laushi. Ko obin ɗin gidan burodi aka ba ki, da wannan kwaɓin irin wannan burodin za ki fitar.

Mu fara da ƙarin fulawa, don shi ne babban mai laifi. Idan fulawa ta haɗu da ruwa aka murza ta, tana yin danƙo. Shi kuma yis yana cin sukari yana fitar da iska, danƙon nan ya riƙe iskar, kwaɓi ya kumbura. Kwaɓin da ruwa ya yi masa kaɗan ba ya miƙewa, don haka ko yis ya yi aikinsa babu inda iskar za ta zauna. Mannewar da ke ba ki tsoro a farkon murza ba alamar ruwa ya yi yawa ba ce, fulawar ce ba ta gama shan ruwan ba. Duk tafin fulawar da kika ƙara a lokacin, kina sauya ma'aunin ne gaba ɗaya. Maganin mannewa shi ne hutu da ɗan mai a hannu.

Ga ma'aunin da za ki riƙe. Idan kina da sikeli, fulawa giram 500, ruwa mililita 320. Idan babu, ki ɗauki gwangwanin madarar ruwa da aka yanke bakinsa: fulawa cikin gwangwani shida, ruwa cikin gwangwani biyu. Wato ko da wane mazubi kika auna, fulawa awo uku, ruwa awo ɗaya. Sai dai awon fulawa yana da sharaɗi. Ki tankaɗe ta da rariya, ki riƙa zubawa a gwangwanin da cokali, ki share saman da bayan wuƙa. Idan kika luma gwangwanin a buhu kika danna, shida ɗin nan za su iya kai nauyin bakwai, kin koma gidan jiya tun ba ki fara ba. Sauran kayan: yis na gari ƙaramin cokali biyu, sukari babban cokali huɗu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, madarar gari babban cokali uku, bota babban cokali uku. Duka a shafe, ba a tsiri ba. Ban ga gishiri a lissafinki ba, kuma rashinsa ba salam kawai yake sa burodi ba. Gishiri yana ƙarfafa danƙo, yana kuma rage wa yis gaggawa. Sukari kuwa, mun san bakinmu ya saba da burodi mai zaƙi, amma kada ki wuce cokali shida, don yawansa yana janye ruwa daga yis ya rage masa kuzari, kuma shi ke sa ƙasan burodi saurin ƙonewa. Idan za ki saka ƙwai ɗaya, ki rage ruwan da kusan sulusin gwangwani.

Kafin ki zubar da ko cokali ɗaya na fulawa, ki gwada yis ɗin. Rabin gwangwanin ruwan ɗumi daga cikin wanda kika auna, ƙaramin cokalin sukari, sai yis. Ki juya ki bari minti 10. Idan ya yi kumfa ya taso, yana da rai. Idan ya kwanta shiru, ki zubar ki nemi wani, don ninka mataccen yis ba ya tayar da komai sai wari. Yis abu ne mai rai, ya fi son ɗumi na digiri 35 zuwa 40, kuma da ruwa ya kai wajen digiri 60 ya mutu. Ruwan da ya dace shi ne wanda za ki bar yatsa a ciki ki ji ɗumi kawai, ba zafi ba. Da alama ruwan zafin da kike kwaɓi da shi yana kashe yawancin yis ɗin tun a roba. Wanda ake ƙullawa a leda a ajiye a teburin kasuwa rana tana dukansa, sa'a ce a same shi da ƙarfi. Ki sayi wanda ke rufe a fakitinsa, idan kin buɗe ki juye ragowar a kwalba mai murfi ki sa a firji ko wuri mafi sanyi a ɗakinki.

Akwai wata dabara da masu burodi a Japan da Sin suke amfani da ita, wadda ba za ta yi miki wuya ba, don daidai take da talgen tuwo. Ki ɗebi fulawa babban cokali uku daga cikin wadda kika auna, ki dama da kusan kashi uku cikin huɗu na gwangwanin ruwa, shi ma daga cikin awon. Ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa minti biyu zuwa uku, har ya yi kauri, cokali ya fara barin sawu a ƙasan tukunya. Ki sauke ya huce sosai. Fulawar da ta dahu haka tana riƙe ruwa fiye da ɗanya, kuma ba ta sakinsa da wuri, shi ya sa burodin da aka yi da talge yake kwana biyu da laushinsa. Ba dole ba ne, amma ga mai gashi a tukunya yana da amfani ƙwarai.

Yanzu kwaɓi. Ki haɗa fulawa da sukari da madara da gishiri a roba ki gauraya sosai, don kada gishiri ya haɗu da yis a dunƙule. Ki zuba talgen da ruwan yis da ragowar ruwan, ki juya da muciya har busasshiyar fulawa ta ɓace. Zai yi kaca-kaca, ba komai. Ki rufe ki tafi wani aikin minti 20. Da kin dawo za ki tarar ya rage mannewa da kansa. Ki shafa ɗan man gyaɗa a hannu da kan tire ko tebur, ki juye, ki fara murzawa: ki tura da gindin tafin hannu, ki naɗo, ki juya, ki sake turawa. Bayan minti biyar sai ki saka botar, mai laushi ba narkakkiya ba. Dalilin jinkirta ta shi ne maiƙo yana lulluɓe fulawa ya hana danƙo haɗuwa idan ya shiga da wuri. Da shigarta kwaɓin zai yi santsi ya rarrabu kamar ya lalace. Ki ci gaba, cikin minti uku zai haɗe. Gaba ɗaya murzar hannu tana cin minti 12 zuwa 15, kuma ki duba agogo, don hannu yakan gaji a minti biyar ya ce an yi goma. Alamar ya isa: ki gutsuri kaɗan ki ja shi a hankali da yatsun hannu biyu. Idan ya miƙe ya yi siriri har haske na ratsa shi bai yage ba, ya yi. Idan ya tsinke nan take, da sauran aiki.

Sai maganar jira, inda mutane da yawa suke faɗuwa. Kwaɓi ba ya bin agogo, yanayi yake bi. Ki shafa mai a roba, ki saka shi, ki rufe da leda ko murfi, ki jira ya ninka girmansa. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Gusau da Sakkwato, zai iya ninkawa cikin minti 45, don haka a irin wannan lokacin ki kwaɓa da ruwan randa, ki rage yis zuwa ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ki ajiye a inuwa. Da hunturu zai iya cin awa biyu ko fiye, kuma iskar tana busar da samansa ya yi ɓawo, ɓawon ya hana shi tashi. Tsumma kaɗai ba ya isa a lokacin, sai leda. Ki ajiye robar kusa da murhu, ko ki ɗora ta a kan tukunyar ruwan ɗumi. Shanya kwaɓi a tsakiyar rana don ya yi sauri yana kawo tsami, saman ya yi zafi ciki bai motsa ba. Don ki tabbatar, ki shafa fulawa a yatsa ki luma. Idan ramin ya tsaya, ya tashi. Idan ya rufe da sauri, ki ƙara masa lokaci. Idan kwaɓin ya sace ya faɗa, ya wuce, kuma daga nan ne warin tsami yake fitowa.

Tashi na biyu shi ne wanda ba kya yi sam. Bayan ya ninka, ki danne shi iskar ta fita, ki yanka, ki mulmula, ki jera a abin gashi, sannan ki sake rufewa minti 40 zuwa awa ɗaya. Mulmulawa tana fitar da iskar farko, idan kika ɗora a wuta nan take zafi zai kashe yis kafin ya sake hura shi, burodin ya daskare a yadda kika saka shi. A wannan karon gwajin ya ɗan bambanta: ki danna gefe a hankali, idan wurin ya dawo sannu a hankali ya bar ɗan gurbi, lokacin wuta ya yi.

Shawarata, ki bar babban gwangwani a yanzu. Zafin tukunya daga ƙasa yake zuwa, kafin ya ratsa tsakiyar ƙaton burodi gindin ya ƙone, abin da ke faruwa da ke ke nan. Ki raba kwaɓin gida takwas ko goma, kowanne ki riƙa jawo gefensa kina cusawa a ƙasa har saman ya ɗame ya yi sumul, ki jera a farantin ƙarfe da kika shafa wa bota, da tazarar yatsa ɗaya a tsakaninsu. Idan kin ƙware kin koma gwangwani, ki baje kwaɓin da faɗin gwangwanin, ki naɗe shi tam, ki tsunkule bakin, ki kwantar da wajen ɗinkin a ƙasa, kuma kada ya wuce rabin gwangwani kafin tashi na biyu.

Gashi ba obin ba baƙon abu ba ne a wurinmu, masu gurasa a Jakara ta Kano da tanderu suke aikinsu. Ki samu babbar tukunya mai kauri, irin ta dalma da maƙera ke zubawa, mai murfin da ke rufuwa sosai. Banda tukunya mai shafin hana kamu da mai murfin gilashi, zafi ba ruwa yana lalata su. Ki zuba yashi mai tsabta, wankakke busasshe, kaurin yatsa biyu. Aikinsa ya karɓi zafin wuta ya raba shi daidai. A kan yashin ki kafa duwatsu uku masu tsayi ɗaya ko wayar ɗora tukunya, yadda farantin zai sami tazarar yatsa biyu zuwa uku daga yashin, kuma kada ya taɓa jikin tukunyar. Ki rufe ki kunna wuta matsakaiciya minti 15 kafin burodi ya shiga. Tukunya mai sanyi tana sa kwaɓi ya wuce tashi ya bushe kafin ya fara gasuwa. Zafin da ake nema digiri 180 ne zuwa 190, kuma akwai tsohon gwaji idan babu ma'auni: ki barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani, ki ɗora inda farantin zai zauna, ki rufe minti biyar. Idan ta yi ruwan zuma, zafi ya yi daidai. Idan ta yi baƙi, ki rage wuta ki jira. Idan tana nan fara, da saura.

Ki shafa wa saman burodin madara ko ƙwai da aka kaɗa da ɗan ruwa, ki saka, ki rufe, ki rage wutar ta koma ƙasa da matsakaiciya. Abin da zai bambanta naki da na yawancin masu gashin tukunya shi ne wuta a sama: ki hura gawayi, ki baza garwashi a kan murfin, ya fi yawa a gefe-gefe. Da shi saman zai yi ja, kuma gumi ba zai taru a murfi ya ɗiga a kan burodi ba. Idan a kurfoti kike gashin gaba ɗaya, garwashin sama ya fi na ƙasa yawa. Aikin gawayi a tsakar gida ake yinsa ko inda iska ke shiga, ko da sanyi ake, don iskar da yake fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta da wari kuma tana kisa. Kada ki buɗe a minti 15 na farko, lokacin ne burodi yake tashinsa na ƙarshe, buɗewa kuma tana zubar da zafin. Ƙananan za su gasu cikin minti 20 zuwa 25 idan da garwashi a sama. Idan babu, su kai minti 30 zuwa 35, saman kuma zai fito fari, sai ki kifa su minti biyar na ƙarshe. Na gwangwani yana cin minti 35 zuwa 45. Ki ɗaga ɗaya ki ƙwanƙwasa gindinsa, idan ya yi ƙarar abin da ba komai a cikinsa, ya gasu. Ko ki soka tsinke a tsakiya ya fito ba danƙo.

Da saukewa ki fitar da shi daga abin gashin, in ba haka ba gindin zai jiƙe da gumi. Ki shafa masa bota a sama da zafinsa don ɓawon ya yi laushi, ki ɗora a kan waya ko faifai. Ki hana yara yankawa sai ya huce, ƙananan minti 20, babba awa ɗaya. Cikin burodi yana ƙarasa nuna ne bayan an sauke, kuma sau da yawa abin da ake kira ɗanye a tsakiya burodi ne da aka yanka da wuri wuƙa ta dunƙule shi. Idan ya huce sarai ki ƙulle a leda. Firji yana sa shi saurin tauri, firiza kuwa tana ajiye shi lafiya. Da damina kada ki yi wanda zai wuce kwana biyu, tunda babu maganin hana funfuna a cikinsa.

Kada ki sa ran naki ya yi rashin nauyin na kanti. Can inji ne yake murzawa, ana saka sinadaran ƙara kumburi, wasu kuma suna barinsa ya tashi fiye da kima don ya cika ido, shi ya sa yake komawa loma ɗaya. Idan wani a kasuwa ya miƙo miki gari ko ƙwaya marar suna ya ce tana kumbura burodi, ki bar masa kayansa. Akwai sinadarin buromet da hukumar NAFDAC ta haramta sakawa a burodi saboda illarsa ga lafiya, kuma ba ki da hanyar sanin abin da ke cikin ƙullin. Idan kina son saka garin alkama, irin wadda ake nomawa da rani a Kano da Jigawa, ki fara da gwangwani biyu na alkama, huɗu na fulawa, ki ƙara ruwa babban cokali uku, ki tsawaita hutun farko zuwa rabin awa. Dusar alkama tana shan ruwa, tana kuma yanke danƙo, don haka alkama zalla ba ta tashi sosai.

Game da abin haɗawa, burodi da shayi ba sa riƙe cikin yara huɗu zuwa azahar. Faten wake yana riƙewa. Wake gwangwani huɗu ya ishi gidanku. Ki tsince ki wanke, ki tafasa minti 10 ki zubar da ruwan farko, ki zuba sabon ruwan zafi kusan gwangwani goma da albasa ɗaya yankakkiya. Ki bar shi ya yi laushi har yana farfashewa, minti 45 zuwa awa ɗaya gwargwadon tsufan waken, kafin tumatir ya shiga, don tsamin tumatir yana hana wake nuna. Idan tsohon wake ne ki jefa kanwa 'yar mitsitsiya, yawanta yana dusashe launi ya ɓata ɗanɗano. A gefe ki soya albasa a manja rabin gwangwani, ki zuba jajjagen tattasai uku da attaruhu biyu da tumatir biyu, ya soyu har mai ya taso. Ki juye a kan waken da busasshen kifi da kika gyara da gishiri da ɗanɗano, ki rage wuta minti 10 kina juyawa don kada ya kama. Alayyahu a minti uku na ƙarshe. Ki sauke da ɗan ruwa-ruwansa, yana hucewa yana ƙara kauri. Ranar da ake mura a gida, farfesun kaza da citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari ya fi dacewa, a tsoma burodin a romon.

Sannan akwai alkubus, wanda nake ganin ya kamata ki fara da shi kafin burodin ma, don zai koya miki karanta tashin kwaɓi, kuma ba ya ƙonewa. Fulawa gwangwani shida, ko rabi fulawa rabi alkama, ruwa gwangwani biyu da rabi, yis ƙaramin cokali biyu, sukari babban cokali ɗaya, gishiri, mai babban cokali uku. Ki buga shi sosai da hannu, ya fi na burodi saki. Ya ninka, ki sake bugawa, ki zuba rabi-rabi a gwangwanayen da kika shafa wa mai, ki bari minti 15, ki turara a madambaci minti 25 zuwa 30. Kada ruwan ya taɓa gwangwanayen, kuma ya riga ya tafasa kafin ki jera. Abokiyar cinsa miyar taushe ce. Ki dafa nama mai ƙashi rabin kilo da albasa da daddawa, ki jefa kabewa kusan rabin kilo ta nuna tare da shi, ki tsame ki dame ta ki mayar. Ki zuba soyayyen kayan miya. Niƙaƙƙiyar gyaɗa rabin gwangwani ki dama ta da ruwa kafin ki zuba, in ba haka ba ta yi gudaji, sannan ki rage wuta ki riƙa juyawa har ƙasa minti 15, don gyaɗa ce ke sa miyar ƙauri. Yakuwa tafi ɗaya ta isa, idan mai tsami ce sosai ki fara tafasa ta ki zubar da ruwan. Alayyahu shi ne ƙarshe.

Maganar maigida kuwa, rabinta gaskiya ce. Fulawa kuɗi ce, kuma wanda yake sayowa yana da bakin magana idan ana zubarwa. Inda ya kauce shi ne batun hannu, amma musu ba zai gyara wannan ba. Ki raba duk ma'aunin nan biyu, fulawa gwangwani uku, ruwa ɗaya, ki yi ƙanana huɗu ko biyar a ranar da ba kowa ke jiransu ba, ba tare da shela ba. Idan sun yi, ki kawo su da faten wake. Ki kuma zauna ki yi lissafi na gaskiya: fulawa, bota, madara, sukari, yis, da gas ɗin da tukunya ke sha kusan awa guda. Gashin guda huɗu a kan gas zai iya fin na kanti tsada. Sauƙin yana zuwa ne idan kin yi cikakken ma'auni a wuta ɗaya, ko kin koma gawayi. Idan kina son a karya da shi da safe, ki gasa da la'asar ɗin jiya, da safe ki yayyafa masa ruwa kaɗan ki ɗumama a tukunya minti biyar. Barin kwaɓi ya kwana a waje da zafin nan tsami kawai zai jawo. A firji ne yake kwana lafiya, da rabin yis, idan kina da tabbacin wuta.

Burodin da ya riga ya yi tauri ma ba na zubarwa ba ne. Ki yanka shi sirara, ki jiƙa a ƙwai biyu da aka kaɗa da rabin gwangwanin madara da ɗan sukari, ki soya a kasko da bota. Ko ki yi masa haɗin bandashe: ki tsoma a ruwan ɗumi ki tsame da sauri, ki barbaɗa garin ƙuli-ƙuli mai yaji, ki zuba man gyaɗa da albasa da tumatir. Kwaɓin da ya ƙi tashi ki murza shi fale-fale da kwalba mai tsabta ki gasa a busasshen kasko, minti biyu kowane gefe. Wanda ya wuce tashi, idan tsamin bai yi yawa ba, ki ƙara masa ɗan sukari da ruwa ki soya a mai ya zama fanke. Idan kin bi ma'aunin nan, yis ya yi kumfa, amma kwaɓin ya ƙi miƙewa duk da murza, laifin fulawar ne, ko ta tsufa ko mai rauni ce, sai ki canza wurin saye ki tambayi wadda masu gidan burodi suke ɗauka.